Kallabin Hindatu da Allurar Mita

Saura kaɗan in bar labarin nan ban rubuta ba. Da na fara ba wata ƙawata shi da baki sai ta ce, "To wa ya mutu a ciki, wa aka aura?" Na ce babu. Ta ce ai ba labari ba ne. Na ajiye fensir har sati biyu, amma abin ya ƙi fita raina, sai na sake ɗaukowa.

A Illela aka yi shi, cikin bazarar shekara ta biyu da samun mulkin kai.

Akwai wani tsoho, Malam Na'Allah, wanda duk gari ke kira Saje. Dogo ne, siriri, hannunsa na ɗan rawa. Ya yi soja a ɓangaren masu waya har ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, da ya dawo ya yi shekaru yana hawa turakun waya a hanyar Gusau, sannan ya ajiye aiki ya komo gida. Tsararrakinsa wasu tumaki suka turke, wasu dara suke yi a gindin bedi, wato dogon yaro. Shi kuwa tsofaffin mitoci yake nema yana gyarawa.

Mita ƙaramin akwati ne mai fuska kamar ta agogo, da allura guda ɗaya, da wayoyi biyu, ja da baƙa. In aka ɗora wayoyin a kan batir sai allurar ta tashi ta nuna ƙarfin da ke ciki. In aka cire sai ta koma ta kwanta a kan sifiri, wurin da Saje ke kira gidanta. Ba sana'a yake yi da su ba. A lokacin babu lantarki a garin, rediyon ma da wuya su kai goma. In wani ya kawo batirin tocila ran kasuwa ya auna masa kyauta, ya ce, "Wanga da sauran rai," ko ya ce, "Wanga a yi mai addu'a." Abin da ke faranta masa rai kawai shi ne ya ga allurar da ta yi shekara ashirin a mace ta tashi ta faɗi gaskiya. Yakan jera su a kan benci a shigifarsa, ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida, ya ɗauko sabon batir ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk mai lafiya ɗaya da rabi za ta nuna. Yana yi yana yi musu magana kamar 'ya'yansa.

Bakwai gare shi, amma ta bakwai ɗin ce 'yar gata. Sa'ad da Faransawa ke tattara kayansu a Ƙwanni, can ƙetaren iyaka, aka yi gwanjon tarkacen ɗakin wayarsu, ya je a kan jaki ya dawo da ita a rungume. Akwatin katako ce mai kusurwoyin tagulla, ta girmi yaƙin Bama. Gilashinta ya fashe, zanzaro ya yi gini a ciki. Damina guda ya yi a kanta. Ya fitar da laka da tsinke da gashin zabo, ya riƙa gasa ƙarfe a garwashi yana liƙe wayoyi da dalma. Gilashi ne ya gagara samu daidai fuskarta, sai ya yanko roba mai garai-garai daga tagar wata matacciyar Landirova, ya goge gefenta da magagari har ta zauna. Ranar da allurar ta tashi ta tsaya cak a kan ɗaya da rabi, goro ya raba wa maƙwabta kamar an yi haihuwa. Ya sa mata suna Ɗiyar Ƙwanni.

Hindatu surukarsa ce, matar Lukmanu, ɗansa na fari. Daga Araba aka kawo ta, watanta takwas a gidan. Lukmanu malamin dabbobi ne, yana can wajen Tozai yana bin garke da allurar rigakafi, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Hindatu dama mai kunya ce ko a gidansu, ga kuma kunyar suruki, ga ta matar ɗan fari, wanda uban ma ba ya faɗin sunansa. Tun da ta zo, maganar da ta taɓa haɗa ta da Saje ita ce ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, ina kwana," shi kuma ya amsa yana duban katanga. Sunansa kuwa ba ya shiga bakinta. Ko za ta ce abu na Allah ne, sai ta ce na Ubangiji ne.

Bayan ƙaramar Salla gwiwar Inna Baraka, matar Saje, ta kumbura, sharar shigifa ta dawo hannun Hindatu. Takan jira sai Saje ya fita gaishe-gaishen safe, ta shiga da tsintsiya, ta share, ta karkaɗe tabarma, ta fito da sauri kamar mai ɗibar wuta. Mitocin kuwa ta ga bai dace ta sa musu tsumman madafa ba. Kayan Baba ne, kayan daraja. Sai ta riƙa kwance kallabinta na Salla, wani ruwan hoda mai santsi, na nailan, wanda Lukmanu ya sayo mata a Ƙwanni, ta goge fuskar kowace da bakinsa. Ɗiyar Ƙwanni ta fi shan guga, don ta san ita ce ta gaban goshi. Ba ta tsayawa ta dube su. A ganinta ƙura wa kayan suruki ido ma rashin kunya ne.

Wata ranar Asabar tana tankaɗe a bayan katangar shigifa sai ta ji sallamar Malam Ma'aruf. Shi mai makarantar allo ne a unguwar, abokin Saje tun suna yara, shi ya raɗa wa Lukmanu suna. In suka haɗu ba sa rabuwa sai sun tsokani juna.

"Saje, mi ya samu huska? Ko ɗiyar taka ta hwara gardama?"

"Bari, Malam. Da hantsi in iske allura ta hau bisa ita kaɗai, ba batir, ba komi. In murɗa ƙusar saiti in maido ta gida. In anka yi la'asar in iske ta zarce gida ta yi ƙasa. Kwana shida ke nan."

"Abin da anka ɗauko daga ɗakin Nasara, wa ya san mi ya kwana ciki? Miƙo ta in yi mata tofi."

"Ƙarhe na da waya, Malam."

"Kai ma ƙashi na da jijiya. Ranar da kunama ta harbe ka, wa anka kira?"

Hindatu ta ajiye rariya. Akwai wata 'yar kafa a katangar inda kaji suka tona, ta sa ido. Ta ga Malam Ma'aruf ya ɗauki akwatin da hannu biyu, ya kai shi daf da bakinsa, ya yi karatu a hankali, ya tofa sau uku. Allurar da ke tsaye can wajen tsakiya ta sulalo sannu sannu ta kwanta.

Sai Malam ya kwashe da dariya har rawaninsa na girgiza.

"Sa'a ta," in ji Saje.

"To gobe ma in zo in yi maka sa'ar."

Washegari allura ta sake hawa, Malam ya sake zuwa, ta sake sauka. Ran Litinin ma haka. Malam Ma'aruf ya riƙa shigowa yana tambaya ko mara lafiya ta tashi. Saje kuwa abinci ma ya rage ci. Hindatu ta ji yana gaya wa abokinsa cewa shi ya san inda ciwon yake. A can ƙarƙashin allurar akwai wata siririyar waya a naɗe, ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ke mayar da allura gida. Lalle ita ce ta harɗe ko ta kama datti. Babu magani sai a buɗe cikin a taɓa ta da matsefata.

"To ka buɗe mana."

"Dubi hannun." Saje ya miƙa hannunsa, yatsun na kaɗawa. "Bara haka na buɗe wata, matsehwata ta zame, gashin ya tsinke. Ga ta can, har yau ba ta motsa ba. In na kashe wagga ma, na gama. In kwashe su duka in kai ma maƙera su yi abin da sunka ga dama."

Maganar ta tsaya wa Hindatu a rai. Ba ta san komai game da waya ba, karatunta ma a aji uku ya tsaya. Amma abu ɗaya ya riƙa dawo mata. Me ya sa sai da hantsi? Me ke faruwa a ɗakin tsakanin asuba da hantsi? Ta duba ta duba, ba ta ga mai shiga ba sai ita.

Ran Talata da ta shiga shara, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsuguna ta dubi Ɗiyar Ƙwanni sosai. Allurar na kwance a gidanta lafiya lau. Ta share ɗakin, ta dawo ta duba, tana nan. Ta karkaɗe tabarma, ta duba, tana nan. Sai ta kwance kallabi, ta naɗa bakinsa a yatsa, ta goga a kan robar, wannan karon idonta a buɗe.

Allurar ta ɗaga kai ta biyo yatsanta.

Ta janye hannu da sauri. Allurar ta tsaya inda ta bar ta. Ta sake gogawa, ta ƙara hawa. Kallabin ya yi wata 'yar ƙara ƙas-ƙas, ya manne mata a hannu, gashin damtsenta ya miƙe. Ta tuna haka yake yi in ta zare shi daga kanta da rana tsaka, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Tsoro ya kama ta, amma son sani ya fi tsoron ƙarfi. Ta goga kallabin a kan wata mitar soja mai fuskar gilashi, allurarta ko gezau. Ta gwada sauran biyar, babu wadda ta kula ta. Ashe mai robar ce kaɗai.

Yanzu kuma yaya za ta saukar da ita kafin Baba ya dawo? Ba ta san abin da Malam ke karantawa ba. Ta karanta Fatiha, ta kai bakinta kusa, ta tofa. Allura ta sulalo ta kwanta.

Da nan ta tsaya da ta fita. Amma ta zauna tana duban robar, inda numfashinta ya bar ɗan gumi yana bushewa. Ta yi istigfari a zuci, ta sake gogawa har allura ta hau, sannan ta matso ta ce "haa" kawai, ba ta karanta komai ba. Allura ta sauka. Ta sake tayar da ita, ta hura daga nesa kamar mai hura wuta, ba ta sauka ba sai ɗan rawa. Ta matso ta yi mata huci mai ɗumi, ta kwanta. Ta ɗauko tsumman saƙi ta goga, allurar ta ɗan motsa kamar mai juyi cikin barci, ta koma. Sau nawa ta yi, ba ta ƙidaya ba. Tarin Saje da ta jiyo daga zaure ne ya fitar da ita, har ta manta tsintsiya.

Ta ce a ranta magana ta ƙare. Ba sai ta daina gugar ba? Allura za ta zauna lafiya, Baba ya bar maganar buɗewa, babu wanda zai san komai.

Ranar allura ba ta tashi ba. Ran Laraba ma ba ta tashi ba. Da la'asar Malam Ma'aruf ya shigo yana murna.

"Ta warke ke nan. Kwana ukku na magani, ko mutum iyakarsa ke nan. Ina tukuicina?"

"Ban yarda da ita ba," in ji Saje.

"Ikon Allah. Ta tashi ka yi hushi, ta kwanta ka yi hushi."

"Ban san mi ya tashe ta ba, ban san mi ya kwantar da ita ba. Mitar da ta yi ƙarya jiya, mi zai hana ta yi gobe? In ɗora ta ga batir ta ce ɗaya da rabi, in tsaya ina tunanin ko yau ranar gaskiya ta? Gara matacciya, ita na san matsayinta. Gobe bayan azahar, in haske ya shigo ta taga, zan buɗe. Ka zo ka riƙa min madubi."

Hindatu na bayan katanga, ta ji kamar an zuba mata ruwan randa.

Da safe tana dama kunun kanwa don Raliya, autar Saje, wadda ta zo gida wankan jego. Raliya ba ta da kunyar kowa, da ubanta ma hira take yi kamar abokinta. Tana zaune a bakin ɗaki da jaririya a cinya, ta ƙura wa Hindatu ido.

"Matarmu, zobe kinka yar cikin kunun ga? Tun ɗazu kike juya shi. In kewar yayana ta, hwaɗa min in aika a kamo maki shi daga cikin shanu."

"Bari wasa, Raliya. Ni na ɓata ma Baba abu."

Ta faɗa mata duka, murya ƙasa ƙasa. Raliya ta saurara baki buɗe, sannan ta tuntsire da dariya har jaririyar ta farka.

"Ashe aljanin da Malam ka kora kwana ukku, a kanki yake ɗaure. Ni da na ce yayana ya auro mana salihar mata."

"Don Allah ki gaya mai. Kar shi buɗe."

"Ke mi ya kama bakinki?"

Hindatu ta sunkuyar da kai. Raliya ta miƙa mata jaririyar, ta gyara zani, ta nufi shigifa. Hindatu ta bi ta har bayan katanga.

"Baba, matar yayana ta ce in gaya maka, kallabinta na ka tada allurar. Da shi take goge ta."

"Kallabi?"

"Awo. Wai in ta goga sai ta tashi."

Saje ya yi 'yar dariya mai taushi. "Ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Shekara talatin ina goge mita da hannun riga, ban taɓa ganin zane ya ja allura ba. Ga roba tsakani, ko iska ba ta shiga. Ɗiyar kirki ta, ta ga na damu, tana so ta ɗauki laihin da ba nata ba don in huta. Allah shi yi mata albarka. Ki ce ta ci gaba da shararta."

Raliya ta dawo ta karɓi 'yarta. "Kin ji da kunnenki. Kin samu albarka, sai ki sha kunu."

"Ba ki gaya mai na hucin ba."

"In ce ma Baba kina shiga ɗakinsa kina ma kayansa haa? Ke ma ki ji."

Hindatu ta wuni ba ta san abin da take yi ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta yi tunanin ta ba Raliya kallabin ta je ta nuna, amma Raliya za ta yi shi da wasa ne, ta goga sau ɗaya da jiƙaƙƙen hannun mai jego, in allura ba ta tashi ba shi ke nan, an rufe maganar. Ita kaɗai ta san yadda ake naɗa shi a yatsa, da inda ake gogawa. Amma ta shiga ta zauna gaban surukinta, ga baƙo, ta miƙa hannu cikin kayansa? Ko a Araba aka ji, sai an ce ba a yi mata tarbiyya ba.

Aka yi azahar. Ta ji shigowarsu, ta ji an jawo benci kusa da taga. Ta leƙa ta kafar katanga. Saje ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera matsefata da 'yan ƙananan sukudireba, ya sa tabarau. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da fuskar mitar. Ya kama ta farko, bakin sukudireban na karkarwa yana zamewa, da ƙyar ta fita. Ya share gumi, ya kama ta biyu.

Hindatu ta tashi. Ta ɗaura tsohon kallabi, ta yafa mayafi har goshi, ta dunƙule na Sallar a tafin hannu tare da tsumman saƙi. Ta ɗauki ƙwaryar furar da Raliya ce ya kamata ta kai. A bakin ƙofa ta tsaya, sai da ta ji ƙusa ta biyu ta faɗi a kan benci sannan ta yi sallama.

Malam Ma'aruf ne ya amsa. Ta shiga a duƙe, ta durƙusa, ta ajiye ƙwarya. A ƙa'ida nan take za ta juya ta fita. Ba ta fita ba. Saje ya ɗauke kai ya dubi taga, yana jira. Malam ya dube ta, ya dubi Saje.

Ta matsa da gwiwa har bakin benci. Ba ta dubi kowa ba. Ta warware kallabin, ta naɗa a yatsa, ta miƙa hannu a gaban surukinta ta goga a kan robar, sau uku, sau huɗu.

Allura ta tashi ta haura tsakiya ta tsaya.

Ta sunkuya ta yi mata huci. Allura ta sauko gida.

Ta sake yi daga farko don kada a ce sa'a ce. Sannan ta goga tsumman saƙi, allura ta ɗan motsa kawai. Ta jawo mitar soja mai gilashi ta goga mata kallabi, ba ta motsa ba. Ta ajiye kallabin a kan farin ƙyallen, ta ja da baya, ta dunƙule hannuwa a cinya.

Saje ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ɗauki kallabin da yatsa biyu, ya murza shi kusa da kunne, ya naɗa, ya goga da kansa. Rawar hannun ba ta hana komai ba, allura ta biyo shi. Ya kai hagu ta bi, ya kai dama ta bi. Ya sunkuya ya ce "haa" da gemunsa a kan akwatin, ta kwanta. Ya daɗe yana kallonta.

Da zai yi magana bai dubi Hindatu ba. Mitar ya duba.

"Ɗiyar Ƙwanni, tambayi mai kallabi, tun yaushe ake maki wanga kwalliya?"

Hindatu ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ita ma ta dubi mitar, ta ce da ita a hankali, "Tun bayan Salla."

"Kullum da hantsi?"

"Kullum. Shekaranjiya na bari."

"Shi ya sa ta yi shiru." Ya gyaɗa kai. "Ni kuma ina ta murɗa maki ƙusa ina zarginki."

Malam Ma'aruf ya ajiye madubin da aka ba shi riƙo. "To ni dai an kore ni aiki. Kwana ukku ina zuwa cikin rana."

"Huci na, Malam, ba karatu ba."

"Wa ya halicci hucin? Kai ka ƙera shi a Bama?"

Saje ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin allura ta fara gardama. Ya lalubo ƙusoshin biyu a kan ƙyalle, ya gwada mayarwa, hannu ya ƙi, ya tura wa Malam. Malam ya ɗaura su yana mita wai daga mai magani an mayar da shi kafinta. Saje ya tattara matsefata ya zuba a gwangwani ya rufe. Ya ɗauko sabon batir ya ɗora wayoyi, allura ta tashi ta tsaya a ɗaya da rabi.

Hindatu ta yunƙura za ta fita, sai ta ji ya ci gaba da magana da mitar.

"Amma mi ke cikin zanen ga? Ba maganaɗisu ba na, ba batir ba na. Kuma don mi roba, ban da gilashi? A Bama ban taɓa gani ba, ko da yake can kullum a jiƙe muke. Ƙila jiƙa ka kashe shi, tunda huci ma jiƙa na. Ai da damina ba ki yi min haka ba."

Hindatu ta tsaya a durƙushe a bakin ƙofa. Maganar ta fito kafin ta tare ta.

"Da damina babu kallabin," ta ce da mitar.

Saje ya buga cinya. "Gaskiya ta. Ba mu sani ba ke nan, sai ruwa ya sauka mu gwada. Kin ji, Ɗiyar Ƙwanni, kar kallabin ga shi ɓace kahin damina." Ya shafa gemu. "Ko ulu ma zai yi? Ko hwatar akuya? Wa ya sani."

"Ku dai kar ku gwada rawanina," in ji Malam, ya jawo ƙwaryar fura.

Washegari da sassafe Hindatu ta ɗauki faifai ta bi ɗakunan gidan. Ta yanko zare daga gefen bargon ulun Lukmanu, ta samo guntun fatar akuya, da ƙyallen leshi, da 'yar auduga, da gashin zabo, da gashin kanta da ta cire daga matsefi. Inna Baraka ta tambaye ta ko magani za ta haɗa, ta ce a'a, na shigifa ne. Da Saje ya fita ta shiga ta yi shara, ta jera su a kan benci kusa da Ɗiyar Ƙwanni, ta ninke kallabin ta sa a ƙarshen layi. Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta dawo. Ta ɗauki ulun ta goga. Allura ta ɗaga har kusan rabin inda kallabi ke kai ta. Ta yi mata huci ta kwanta, ta mayar da ulun wurinsa, ta bar masa sauran ya gwada da kansa.